Mijin da bai yi kuka ba: yadda aka karanta halin William Wallace a shari'ar 1931

A wani zaman makoki da na halarta a Tudun Wada ta Gusau, bayan an dawo daga maƙabarta an baje tabarmi a ƙofar gida, wani matashi da ke kusa da ni ya duƙo ya raɗa mini cewa shi fa hankalinsa bai kwanta da mijin marigayiyar ba. Matar ta rasu ne farat ɗaya cikin dare ba tare da jinya ba, kuma abin da ya tsaya wa matashin a rai shi ne mijin yana zaune yana amsa gaisuwa da murya a daidaice, har ya kira yaro ya ba shi kuɗi ya sayo wa baƙi ruwan leda. Kawuna, wanda ya daɗe yana aikin magatakarda a kotu kafin ya yi ritaya, ya tsinkayi raɗar, sai ya juyo ya ce masa: "Ɗana, da ya faɗi yana birgima a ƙasa, da me za ka ce?" Matashin ya sunkuyar da kai, domin shi ma ya san amsar. Da cewa zai yi kukan ya yi yawa, akwai lauje cikin naɗi.

Tambayar Kawu ita ce ta sa na koma kan wata tsohuwar shari'ar kisan kai da aka yi a birnin Liverpool na Ingila a shekarar 1931, wadda har yau ba a tabbatar da wanda ya aikata laifin ba. Masu nazarin shari'a suna yawan komawa gare ta saboda kusan duk abin da wanda ake zargi ya yi ko ya faɗa yana karɓar fassara biyu masu karo da juna, kuma kowace fassara tana da ƙafar tsayawa.

William Herbert Wallace mutum ne mai shekara 52, ma'aikacin kamfanin inshora na Prudential, aikinsa bin gida-gida yana karɓar 'yan kuɗaɗen zubi, kusan irin yadda mai karɓar adashe ke zagaya kasuwa da littafinsa. Yana zaune da matarsa Julia a gida mai lamba 29 a Titin Wolverton, cikin unguwar Anfield, wadda masu kallon ƙwallo suka san sunanta. Ba su da 'ya'ya. Ranar Litinin 19 ga Janairu 1931, da misalin ƙarfe 7:15 na dare, wani mutum ya buga waya kulob ɗin da Wallace ke zuwa wasan darar Turawa, wato ces, kafin shi Wallace ya iso. Mai kiran ya ce sunansa R. M. Qualtrough, ya bar saƙo a hannun kyaftin ɗin kulob ɗin, Samuel Beattie, cewa Wallace ya same shi gobe da ƙarfe 7:30 na dare a lamba 25, Menlove Gardens ta Gabas, domin wata harkar inshora. Washegari Wallace ya hau tiram, ƙaramin jirgin nan na cikin gari mai bin dogo da lantarki, ya nufi unguwar, sai ya tarar akwai Menlove Gardens ta Arewa da ta Kudu da ta Yamma, amma babu ta Gabas. Ya yi ta yawo yana tambaya, daga bisani ya juyo gida. Wajen ƙarfe 8:45 maƙwabtansa, John Johnston da matarsa Florence, suka same shi a lungun bayan gida yana cewa ya gwada ƙofar gaba da ta baya duk sun ƙi buɗuwa. Suna tsaye ya sake gwada ta baya, sai ta buɗe. A falon gaba aka sami Julia kwance cikin jini, an rotse mata kai da duka 11, a ƙarƙashinta akwai rigar ruwan mijinta wadda wani sashenta ya ƙone. Kuɗin da aka ce sun ɓata daga akwatin ajiyar kamfani kusan fam 4 ne kawai, kuma ba a taɓa samun makamin ba.

Abu na farko da aka riƙe a kansa shi ne natsuwarsa. Likitan binciken gawa, Farfesa John MacFall, ya shaida wa kotu cewa halin Wallace a wannan dare ya saɓa wa al'ada, domin ya yi tsit da yawa, bai ruɗe ba, yana ta shan taba, har yakan miƙa hannu ta gefen gawar ya kakkaɓe tokar sigari a wani kwano. Mai sauraro ba zai rasa jin tsikar jikinsa ta tashi ba, kuma na tabbata haka ta faru ga mutum 12 na juri, wato mutanen gari da ake zaɓowa su yanke ko an yi laifi ko ba a yi ba. Sai dai a wannan kotu ɗaya, maƙwabciyarsa Florence Johnston, wadda ta zauna tare da shi a kicin kafin 'yan sanda su cika gidan, ta shaida cewa ya dafe kansa ya yi kuka, kuma ya riƙa haɗiye kukan idan jami'ai suka shigo. Dare ɗaya ne, mutum ɗaya ne, amma shaidu biyu sun ga mutum biyu daban. Likitan ya ga baƙon da bai taɓa sani ba a gaban hukuma, ita kuwa ta ga maƙwabcin shekaru a lokacin da babu idon hukuma a kansa. Ƙari a kan haka, Wallace ya daɗe yana karanta koyarwar wasu masana falsafa na zamanin Girkawa da Rumawa masu horar da mutum ya danne motsin zuciya a lokacin masifa, musamman rubuce-rubucen Sarki Marcus Aurelius, kuma ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda har an cire masa ɗaya tun yana saurayi. Wanda ya rayu da ciwo shekara da shekaru yana ɓoye shi, ba abin mamaki ba ne fuskarsa ta ƙi nuna abin da ke ciki.

Mu a nan bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. A ƙasar Zamfara da Kabi, uwa takan rasa ɗan farinta ta zauna ido a bushe saboda alkunya, tsofaffi kuma su yaba mata, alhali kowa ya san zuciyarta a dagule take. Namiji da ya fashe da kuka a gaban maza wajen jana'iza, tausarsa ake yi ana ce masa ya yi tawakkali, kuka ba ya dawo da mamaci. Mun gina tarbiyyarmu a kan dangana, amma da zarar zargi ya shigo, sai mu juya mu ɗauki danganar nan a matsayin alamar taurin zuciya. Kuma muna da misalin da kowane ɗan makarantar allo ya sani a cikin Suratu Yusuf: 'yan'uwan da suka jefa ƙanensu a rijiya su ne suka zo wa mahaifinsu da dare suna kuka, shi kuwa Annabi Yaƙub, wanda aka zalunta, shi ne ya ce sai haƙuri mai kyau. Da za a yi hukunci da hawaye a wannan dare, da masu laifi sun tsira, an kama mahaifin. Masu tafsiri sun ce abin da ya duba shi ne rigar, wadda aka shafa wa jini amma ba ta yage ba, alhali an ce kyarkeci ne ya cinye mai ita. Zan dawo kan rigar, domin shari'ar Wallace ma tana da tata.

Abu na biyu ya fi na farko nauyi, wato yawan tambayar hanya da ya yi a daren kisan. Ya tambayi kwandastan tiram fiye da sau ɗaya inda zai sauka, yana maimaita sunan unguwar. Da ya isa ya tambayi wani mai wucewa, ya ƙwanƙwasa lamba 25 a Menlove Gardens ta Yamma, ya tsayar da wani ɗan sanda mai sintiri ya ba shi labarin saƙon gaba ɗaya, har ya zaro agogonsa ya gwada da na ɗan sandan, suka daidaita a kan ƙarfe 7:45. Daga nan ya shiga wani shagon jarida ya nemi littafin adireshi. Lauyan gwamnati, Edward Hemmerde, ya ce wannan duk shuka shaidu ne: mutumin ya riga ya kashe matarsa, yana so kowa ya tuna fuskarsa da lokacin da ya gan shi. Lauyan da ke kare shi, Roland Oliver, ya tsaya a kan cewa haka duk wanda aka aika adireshin bogi zai yi, balle ma'aikacin inshora da ke hangen kamasho.

Hanyar da nake ganin ta fi dacewa a auna irin wannan hali ita ce a tambaya: da mutumin ba shi da laifi, me zai yi daban? Idan amsar ita ce babu abin da zai yi daban, to halin bai ƙara komai a ma'auni ba, komai munin kamanninsa. A ce an yi wa wani ɗan kasuwa waya ya zo wani gida a Gesse ta Birnin Kebbi domin cinikin buhun shinkafa masu yawa, aka ba shi lambar layin da babu shi. Zai tambayi ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi, zai tambayi mai shayi, zai tambayi maigadin wani gida, kuma ko an ce masa babu wannan layi, ba zai juya nan take ba, saboda ya riga ya kashe kuɗin mota kuma kwaɗayin riba yana jan sa. Washegari dukkansu za su tuna shi. Har nan ba mu sami komai a kan Wallace ba. Amma akwai wurare biyu da wannan gwaji bai wanke shi tas ba, kuma adalci ne a faɗe su. Na ɗaya, ya gabatar da kansa ga kwandasta a matsayin baƙo a yankin, alhali shugabansa na wurin aiki yana zaune ba nisa da wurin, kuma ya sha zuwa gidansa koyon goge irin na Turawa. Na biyu, gwada agogo da ɗan sanda abu ne da mai neman gida ba lallai ya yi ba, sai dai mai alƙawari na wani lokaci zai iya yi. Waɗannan biyun suna ɗan karkata ma'auni, amma karkatar da ba ta kai a rataye mutum a kanta ba.

Haka abin yake game da haɗuwarsa da Beattie a kan titi kwana biyu bayan kisan, inda ya matsa masa ya tuna ainihin lokacin da aka yi kiran wayar. 'Yan sanda sun ɗauka mai laifi ne ke leƙen abin da aka sani. Amma mutumin da ya kwana biyu ana yi masa tambayoyi, wanda ya gane cewa wuyansa ya rataya a kan 'yan mintoci, shi ma zai so ya san lokacin. Ban ba wannan haɗuwa nauyin komai ba.

Kiran wayar kansa shi ne inda zargin ya sami gindin zama na gaske. Saboda an sami tangarɗa wajen haɗa layin, ma'aikatan waya sun rubuta kiran, kuma aka gano daga wata rumfar tarho ta jama'a aka yi shi, mai nisan kusan yadi 400 daga gidan Wallace, kusa da inda zai iya hawa tiram zuwa kulob, kuma a daidai lokacin da ya bar gida. Sannan Wallace ya yi makonni bai leƙa kulob ɗin ba, don haka aka tambaya yadda wani bare zai san zai zo a wannan dare. Amsar masu kare shi ita ce an lika jadawalin wasanni a allon sanarwa na gidan shan shayin da kulob ɗin ke zama, inda kowa zai iya gani, kuma wanda ke fakon Wallace zai iya tsayawa kusa da gidansa, ya ga fitarsa, sannan ya shiga rumfa mafi kusa. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne shaidar Beattie, wanda ya san Wallace shekaru da dama, ya kuma yi magana mai ɗan tsawo da mai kiran, amma ya tsaya a kan cewa muryar ba ta yi kama da ta Wallace ba. A nan ya kamata a lura da bambanci tsakanin wannan shaida da ta likitan. Beattie yana gwada abin da ya ji da abin da ya daɗe da sani, shi kuwa likita yana gwada baƙo da hoton da ke kansa na yadda mijin da aka kashe wa mata ya kamata ya kasance.

Yanzu sai rigar, wato abubuwan da ba su da fuska balle su yi kuka ko su natsu: agogo da jini. Wani yaro mai shekara 14 da ke kai madara ya ce ya yi magana da Julia a ƙofar gida a wannan maraice. Da farko ya gaya wa abokansa ƙarfe 6:45 ne, amma bayan 'yan sanda sun sa ya maimaita zagayensa suna auna lokaci, sai magana ta koma kusan 6:30. An kuma tabbatar Wallace yana cikin tiram a wata mahaɗa mai nisa da misalin 7:06, abin da ke nufin tilas ya bar gida kafin 6:50. Ko da an ɗauki lokacin da ya fi yi wa masu ƙara daɗi, abin da yake da shi bai kai minti 20 ba, a cikinsu zai kashe mace da duka 11, ya tsabtace jikinsa, ya sa tufafi, ya hargitsa gida ya yi kama da an shiga sata, ya kuma ɓoye makami a inda har yau ba a gano ba. Idan kuwa lokacin farko na yaron ne daidai, minti biyar ma da ƙyar. 'Yan sanda sun sa matasan jami'ai su gwada hanyar daga gidan zuwa mahaɗar tiram ɗin, wasunsu har da gudu, alhali wanda ake magana a kansa dattijo ne mai ƙoda ɗaya kuma mashayin taba. Jini ya fantsama har bangon falon, amma ba a sami ɗigo a tufafin da Wallace ya fita da su ba, kuma binciken bahon wanka da magudanar ruwa bai nuna an wanke jini a gidan ba. Domin toshe wannan giɓi ne lauyan gwamnati ya kawo hasashen cewa Wallace ya tuɓe tsirara, ya sa rigar ruwa kawai ya yi aika-aikar. Hasashe ne mai wayo, sai dai babu shaida ko ɗaya da ta gan shi, an ƙirƙiro shi ne domin ya bayyana rashin hujja.

Akwai kuma wani abu game da Farfesa MacFall da ke ba ni mamaki duk lokacin da na tuna. A aikin da ya ƙware a kai, wato ƙayyade lokacin mutuwa, bai auna zafin jikin gawar ba, ya dogara ne da sandarewarta kawai, har ya kai ga cewa ta mutu wajen ƙarfe 6, lokacin da yaron madara bai ma zo ya gan ta da rai ba. Mutumin da ya yi sakaci a fannin da ya karanta, shi ne aka saurara yana fassara zuciyar wani daga yadda ya riƙe sigari. Dalilin kisa ma ba a samo ba. Maƙwabta ba su taɓa jin hayaniyarsu ba, littafin da Wallace ke rubuta al'amuransa na yau da kullum bai nuna ƙiyayya ba, kuɗin inshorar ran matar kuwa bai taka kara ya karya ba.

An yi shari'ar a watan Afrilu 1931 a gaban Mai Shari'a Wright, wanda a jawabinsa na ƙarshe ya karkata a fili zuwa ga cewa hujjar ba ta kai ba. Duk da haka juri suka shiga ɗaki kusan awa ɗaya, suka fito suka ce ya aikata, aka yanke masa hukuncin rataya. A watan Mayu Kotun Ɗaukaka Ƙarar Laifuka da ke Landan, ƙarƙashin Babban Joji Hewart, ta soke hukuncin bisa dalilin cewa hujjojin da aka gabatar ba su isa su ɗauke shi ba, matakin da ba a saba gani ba a shari'ar kisan kai a lokacin. Kotun ba ta ce ta gano ba shi ne ya yi ba. Abin da ta ce shi ne ba a tabbatar shi ne ba, kuma tsakanin maganganun biyu akwai tazara mai faɗi, wadda jama'ar gari ba kasafai suke yarda da ita ba.

Wannan tazara tana cikin dokokin da muke rayuwa a ƙarƙashinsu. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta ɗora wa mai ƙara nauyin tabbatar da laifi ba tare da sauran shakka mai ma'ana ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Zamfara ke bi, hujja tana wuyan mai da'awa, kuma ko rantsuwa 50 ta ƙasama da dangin mamaci ke yi ba a buɗe ƙofarta sai an sami lausu, wato alama mai ƙarfi da ke rinjayar da zato. Misalan da malamai ke kawowa su ne adali ɗaya ya ga kisan, ko mamacin ya faɗa kafin ya cika cewa jininsa yana wuyan wane, ko a sami mutum kusa da gawa da alamar kisa a jikinsa. Dukkansu abubuwa ne da wani ya gani ko ya ji game da aikin kansa, ba yanayin fuskar wanda ake zargi bayan an gama ba.

Shekaru 50 bayan shari'ar Wallace, a 1981, wani shirin rediyo a Liverpool ya dawo da zargi kan wani tsohon abokin aikin Wallace, saurayi a lokacin, wanda ya san gidan, ya san inda ake ajiye akwatin kuɗi, kuma shi Wallace da kansa ya ambace shi ga 'yan sanda. Wani ma'aikacin garejin mota ya ce a daren kisan mutumin ya kawo mota a wanke yana cikin ruɗu, kuma ya ga safar hannu mai jini a ciki. Masu son Wallace sun rungumi wannan labari hannu bibbiyu. Amma wanda ya ƙi yarda a rataye Wallace saboda natsuwarsa, ba shi da damar rataye wani saboda ruɗewarsa, musamman da yake labarin ya fito fili ne bayan rabin ƙarni, bayan mutumin ya mutu a 1980 ba zai iya kare kansa ba, kuma yana da shaidun da suka ce suna tare da shi a lokacin da ake tsammanin an yi kisan.

Idan aka tambaye ni abin da ya fi tsaya mini a rai daga cikin maganganun Wallace, zan ce batun ƙofa ne. Mutum ya shekara 16 a gida ɗaya, ya san halin kowane makulli, sai a ce ƙofofi biyu sun ƙi buɗuwa a dare ɗaya, sannan ɗaya ta buɗe a daidai lokacin da shaidu suka tsaya. Wani makeri da ya duba makullan ya same su a lalace, wanda hakan ya goyi bayansa, kuma ba ta yiwuwa ya san cewa maƙwabtan za su fito a wannan minti ba, tun da fitarsu ba ta da alaƙa da shi. Duk da haka, a cikin dukan bayanansa, wannan ce maganar da nake karantawa in sake karantawa ba tare da ta kwanta mini ba.

Bayan an sake shi ya koma unguwarsu ya tarar mutane sun juya masa baya, abokan cinikinsa na da suna gudunsa, wasiƙun zagi suna shigowa. Kamfanin ya mayar da shi aikin ofis, ya ƙaura zuwa Bromborough a tsallaken kogin Mersey, ya kai wasu jaridu ƙara saboda ɓata suna. Ciwon ƙodar ya tashi, ya rasu a watan Fabrairu 1933 yana da shekara 54, bai cika shekara biyu da fitowa daga kurkuku ba.